Kambun Josh Gibson da rabin labarin da fina-finan besbol suka bari a waje

Wani ƙanina da ya yi karatu a Amurka ya dawo gida da son wasan besbol, kuma kwanakin baya ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Muna cikin hira zancen Josh Gibson, tsohon gwanin besbol baƙar fata, ya taso, sai ya ce, "Yaya, wannan fa siyasa ce zalla. An ƙwace kambun Ty Cobb an miƙa wa mutumin da bai taɓa buga wasa ko ɗaya a babban lig ba, don dai a faranta wa baƙaƙen fata rai."

Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Amurkawa da dama sun faɗi irinsa a 2024, lokacin da abin ya faru.

Ni dai a ganina hukumar MLB, mai kula da manyan lig-lig na besbol a Amurka, ta yi daidai, sai dai ta makara ƙwarai. Kuma ina ganin abin da ya sa yaro mai hankali irin ƙanina yake kallon lamarin a matsayin alfarma shi ne yadda aka daɗe ana ba mu labarin. Fina-finan da suka fi shahara suna fara tarihin baƙar fata a besbol ne daga ranar da Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariya a manyan lig-lig, ya taka fili, kamar kafin wannan rana babu kowa, babu komai.

Me ya faru?

Ga wanda bai saba da wasan ba: mutum tara ne a kowane ɓangare. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya maka mata sanda ya ruga, yana neman zagaye zango huɗu ya dawo gida. Ana auna gwanintar mai bugu ne da yawan lokutan da ya bugi ƙwallon har ya isa zango lafiya.

Tun da Ty Cobb ya yi ritaya a 1928, shi ke riƙe da kambun wannan ma'auni da maki .367 har zuwa 2024. A watan Disamba na 2020 MLB ta sanar cewa ta amince lig-lig bakwai na baƙaƙen fata da suka yi wasa daga 1920 zuwa 1948 su ma manyan lig-lig ne. A ƙarshen watan Mayu na 2024 aka zuba alƙaluman 'yan wasansu fiye da 2,300 cikin babban kundi. Da aka yi lissafi, sai ga Gibson, mai cafe ƙwallo na ƙungiyoyin Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords, a sama da maki .372. Wato a kowace tsayuwa dubu da ya yi gaban mai jifa, sau 372 yana cin nasara. Ya kuma sha gaban Babe Ruth, shahararren mai bugu farar fata, a ma'aunin ƙarfin bugu.

"Bai buga a babban lig ba"

Gaskiya ne, bai buga ba. Amma wa ya hana shi?

A 1884 wani baƙar fata mai suna Moses Fleetwood Walker ya yi wa ƙungiyar Toledo wasa a lig ɗin da ake ƙirgawa cikin manya. Bayan 'yan shekaru masu ƙungiyoyi suka haɗa baki suka rufe ƙofa. A manyan lig-lig ba su ma rubuta dokar a takarda ba, fahimtar juna ce kawai tsakaninsu, kuma ta yi aiki kusan shekara sittin.

To mutum ya kulle ƙofa, ya sa makulli a aljihu, sannan ya dawo yana cewa ba a ga wane a cikin ɗaki ba. Wannan hujja ba ta shiga kaina.

Waɗanda aka kora kuwa ba zama suka yi suna kuka ba. A watan Fabrairu na 1920 Rube Foster, tsohon gwanin jifa kuma mai ƙungiyar Chicago American Giants, ya tara masu ƙungiyoyi a birnin Kansas suka kafa lig nasu. Daga nan aka samu Kansas City Monarchs da Newark Eagles da Birmingham Black Barons da sauransu. Daga 1933 suka riƙa shirya wasan gwanaye na shekara-shekara a Chicago, wanda a wasu shekarun ya tara 'yan kallo wajen 50,000. Monarchs sun fara yawo da fitilunsu suna wasan dare tun 1930, shekara biyar kafin manyan lig-lig na farare su buga wasan darensu na farko a Cincinnati.

Ina so mai karatu ya ɗan tsaya ya hango rayuwar. Motar safa ɗaya cike da 'yan wasa da kayansu, ana tafiya cikin dare daga gari zuwa gari. A isa da safe, otal ya ce babu ɗaki ga irinsu, gidan abinci ya ce sai dai ta ƙofar baya. A kwana cikin mota ko a gidajen 'yan uwa baƙaƙe, a buga wasa da rana, wani lokaci a sake buga wani da yamma a wani garin. Filin ma galibi haya ne, sai masu shi farare sun yi tafiya ake ba su. A haka Gibson ya yi abin da ya yi.

"Wasanninsu ba su da yawa, alƙaluman ba su cika ba"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu adawa ke da ita, kuma ba zan yi kamar ban ji ta ba. Cobb yana buga kakar wasa mai wasanni 154. Lig-lig na baƙaƙe kuwa wasanninsu na hukuma ba su kai ko kusa da haka ba, domin abin da ke ciyar da su shi ne yawon buga wasa da kowace ƙungiya da za ta kawo 'yan kallo. Mutumin da ya tsaya gaban mai jifa sau da yawa, riƙe maki mai tsawo ya fi masa wuya. Wannan lissafi ne, babu gardama.

Sai dai akwai abubuwa biyu. A 2020, saboda annobar korona, MLB ta buga kakar wasa mai wasanni 60 kacal. An ba da kofi, an ba da kambun bugu, an rubuta komai a kundi, ba wanda ya ce a goge. Idan gajeriyar kaka ta halatta saboda annoba, me zai haramta ta saboda wariyar da su kansu masu kundin suka ƙaƙaba?

Na biyu, masu binciken ba su yi wa Gibson sassauci ba. A allon tagulla da aka kafa masa a zauren gwarazan besbol an rubuta cewa ya yi bugun tsallake shinge kusan 800. A kundin da aka fitar kuwa, abin da aka ƙirga masa bai kai 200 ba. Duk abin da ba a samu takardar sakamakonsa ba, ko aka buga shi a wasan yawo, an ajiye shi gefe. Shekaru aka yi ana tono tsofaffin jaridun baƙaƙen fata irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender, ana bin wasa ɗaya bayan ɗaya. Da faranta rai ake nema, ai da 800 ɗin za a rubuta a huta.

Mu nan mun san wannan matsala a dambe. Ba wanda ya riƙe littafi yana rubuta kisa nawa Shago ya yi, amma ba mai hankalin da zai ce rashin littafin ya nuna bai iya dambe ba. Bambancin shi ne su can an samu jaridu da suka rubuta wani abu, aka kuma samu masu haƙurin tono shi.

"To ina tabbacin sun kai farare iya wasa?"

Amsar wannan tana cikin kundin fararen da kansa.

Daga 1949 zuwa 1959 an ba da kyautar gwarzon ɗan wasa na lig ɗin National sau goma sha ɗaya. Sau tara waɗanda suka fito daga ƙungiyoyin baƙaƙen fata ne suka ɗauka: Jackie Robinson, Roy Campanella har sau uku, Willie Mays, Don Newcombe, Hank Aaron, da Ernie Banks sau biyu. Ana buɗe ƙofa kaɗan suka mamaye saman tebur. Gwanin jifa Satchel Paige bai samu shiga ba sai a 1948 yana da shekara 42, lokacin da tsararrakinsa sun daɗe da ajiye wasa, amma ya ci wasa shida ya faɗi ɗaya, ƙungiyarsa ta Cleveland kuma ta ɗauki kofin wannan shekara.

Tambayar ma tana da baki biyu. Idan za a rage wa Gibson daraja don bai fuskanci gwanayen farare a wasan hukuma ba, to Cobb da Ruth su ma ba su taɓa fuskantar gwanayen baƙaƙe a wasan hukuma ba. Kowane ɓangare ya yi wasa ne da rabin gwanayen ƙasar. Shekaru aru-aru ba wanda ya sa wa Ruth alamar tambaya saboda haka.

Ted Williams, ɗaya daga cikin manyan masu bugu farare, ya san wannan. A jawabinsa na shiga zauren gwaraza a 1966 ya fito fili ya nemi a shigar da Paige da Gibson. An shigar da Paige a 1971, Gibson a 1972.

Kundin ba saukakke ba ne

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wasu ke magana kamar kundin besbol abu ne tsarkakakke da ba a taɓa sa masa hannu ba sai yanzu.

Garin Cooperstown da zauren gwarazan yake, an zaɓe shi ne bisa labarin cewa wani soja mai suna Abner Doubleday ya ƙirƙiro wasan a can a 1839. Wani kwamiti da attajirin kayan wasanni Albert Spalding ya sa aka kafa ne ya fitar da wannan hukunci a farkon ƙarni na 20, bisa wasiƙar wani dattijo guda, domin ana son a nuna wasan ɗan asalin Amurka ne tsantsa, ba shi da dangi a Ingila. Masana tarihi sun daɗe da watsar da labarin. A 1839 Doubleday yana makarantar soja ta West Point, kuma har ya mutu bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro wasan ba. Duk da haka a can aka buɗe zauren a 1939.

Batun wane lig ne babba ma, mutane ne suka zauna suka yanke. Wani kwamiti na musamman ya fitar da jerin lig-lig shida a 1969. Cikinsu har da Union Association, wanda kaka ɗaya tak ya yi a 1884 ya watse. Lig-lig na baƙaƙen fata, masu shekaru kusan talatin da gwanaye irin Paige, ko tattauna su ba a yi ba. Saboda haka idan ana neman siyasa a cikin kundin, a 1969 take. Abin da aka yi a 2020 da 2024 gyara ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Cobb yana nan da makinsa .367, ba a taɓa masa ko ɗigo ba.

Inda fina-finai suka tsaya

Ina son fim ɗin 42 da ya fito a 2013. Chadwick Boseman ya yi ƙoƙari matuƙa a matsayin Robinson, kuma wurin da kocin Philadelphia ya tsaya bakin fili yana zazzaga masa zagi, shi kuma ya haɗiye, da wuya mutum ya kalla zuciyarsa ba ta tafasa ba. Robinson ya cancanci duk girman da ake ba shi. Ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu 1947, ya sha zagi da barazanar kisa, ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan wasa a wannan shekara. Tun 1997 aka jingine lambarsa 42 a duk ƙungiyoyi, kuma duk ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sakawa.

Amma a duba yadda aka gina labarin. Ƙungiyar Monarchs da Robinson ya fito daga cikinta tana bayyana ne na 'yan mintoci a farko, cikin motar safa a gidan mai, daga nan sai labari ya koma ofishin Branch Rickey, shugaban Dodgers, farin dattijo mai tsoron Allah da ya yanke shawarar kawo sauyi. Fim ya ƙare a ƙarshen kakar 1947 cikin murna. Mai kallo ya tashi da tunanin cewa an ceto baƙaƙe daga wani wuri marar amfani an kai su inda ake wasan gaske.

Ga abin da ba a nuna ba. Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson. Haka ya ɗauke Don Newcombe daga Newark Eagles ba tare da diyya ba. Da ƙungiyar farare ce, ko ta ƙaramin lig, da sai ya biya. Masu ƙungiyoyin baƙaƙe kuwa sun rasa bakin magana, domin duk wanda ya ce a biya shi za a ce yana tare wa ɗan uwansa hanya.

Mace ɗaya ce ta ƙi yin shiru: Effa Manley, wadda ke tafiyar da Newark Eagles tare da mijinta. Ƙungiyarta ce ta ɗauki kofin lig-lig na baƙaƙe a 1946. Da Bill Veeck na Cleveland ya zo neman Larry Doby a 1947, ta tsaya sai da aka biya, ko da yake kuɗin bai kai darajar ɗan wasan ba. Amma ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. 'Yan kallo baƙaƙe suka koma bin Robinson duk inda Dodgers suka je, jaridunsu ma haka, kuma wa zai ga laifinsu? Filayen Eagles da Grays suka zama fayau. Bayan kakar 1948 lig ɗin da suke ciki ya rushe, Manley ta sayar da ƙungiya.

Da ƙungiyoyin suka mutu, ba 'yan wasa kaɗai suka rasa abin yi ba. Akwai kociyoyi baƙaƙe, alƙalan wasa, direbobi, masu sayar da tikiti, otal-otal da gidajen abinci na unguwannin baƙaƙe da ke cika duk ranar wasa. Manyan lig-lig sun zaɓi 'yan ƙalilan mafi gwaninta suka bar sauran. Kuma ba da sauri suka yi ba: Boston Red Sox ba ta sa baƙar fata a fili ba sai 1959, shekara goma sha biyu bayan Robinson.

Wani zai ce, to kana nufin da an bar wariya ke nan? A'a, ko kusa. Wariya zalunci ce, rushe ta wajibi ne. Abin da nake cewa shi ne akwai hanyar rushe ta da ba sai an rushe abin da waɗanda aka zalunta suka gina ba. Ana iya biyan masu ƙungiyoyi haƙƙinsu. Ana iya shigar da ƙungiya irin Monarchs ko Grays cikin tsarin gaba ɗayanta, da masu ita da kociyoyinta. Ba a yi ko ɗaya ba.

Littattafai sun fi fina-finai adalci a nan. Littafin Robert Peterson mai suna Only the Ball Was White, wanda ya fito a 1970, shi ne ya fara tattara wannan tarihi sosai, lokacin da tsofaffin 'yan wasan suna raye ana iya jin ta bakinsu. Sai kuma dogon shirin talabijin na Ken Burns a 1994, inda Amurkawa da yawa suka fara ganin Buck O'Neil, tsohon ɗan wasa kuma kocin Monarchs, dattijo mai fara'a da ya zauna yana ba da labarin abokansa ɗaya bayan ɗaya. Shi kansa Robinson, littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 1972 cike yake da ɗaci da rashin gamsuwa, ba irin murnar da fim ya rufe da ita ba.

"Ai ihu ne bayan hari"

Wannan suka daga wani ɓangaren take fitowa, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Masu ita suna cewa rubuta sunan matacce a saman kundi ba ya cin kuɗin kowa, tuba ce mai araha.

Akwai gaskiya a ciki. Gibson ya mutu a watan Janairu na 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Robinson ya shiga fili. Rube Foster ya mutu tun 1930. Buck O'Neil, wanda ya ƙarar da tsufansa wajen gina gidan tarihin lig-lig na baƙaƙe a birnin Kansas, an tsallake sunansa a zaɓen 2006, ya mutu a shekarar, sai a 2022 aka shigar da shi zauren gwaraza. Willie Mays, wanda ya fara da Birmingham Black Barons a 1948, ya ga an ƙara masa bugu goma a kundi, sannan ya rasu ranar 18 ga Yuni 2024, kwana biyu kafin wasan da MLB ta shirya a tsohon filinsu na Rickwood don tunawa da su.

Duk da haka ban yarda abin banza ba ne. Besbol wasa ne da masoyansa ke rayuwa da alƙaluma fiye da kowane wasa da na sani. Yaro ya buɗe waya ya nemi wanda ya fi kowa iya bugu a tarihi, sunan da zai fara gani yanzu shi ne na Gibson. Dole ya tambaya wane ne wannan, wace ƙungiya ce Grays, me ya sa bai taɓa jin ta ba. Wannan tambayar ce aka hana yara yi shekara da shekaru.

Sai dai kada MLB ta ɗauka ta gama biya. Kwana tara kafin rasuwarsa a 1972, Robinson ya tsaya gaban jama'a a gasar ƙarshe ta shekara ya ce ba zai gamsu ba sai ya ga baƙar fata yana jagorantar ƙungiya a matsayin koci. Bai gani ba, sai a 1975 Frank Robinson ya samu wannan matsayi a Cleveland. Zuwa 2024 baƙaƙen Amurka a manyan lig-lig sun ragu zuwa kusan kashi 6 cikin ɗari, daga kusan kashi 18 a farkon shekarun 1990. A gasar ƙarshe ta 2022 babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a ƙungiyoyin biyu, abin da rabon a gani tun 1950. Kuma cikin ƙungiyoyi 30 na MLB babu ko ɗaya da baƙar fata ke da mafi yawan hannun jarinta, alhali a zamanin Foster da Manley baƙaƙe ne ke riƙe da yawancin ƙungiyoyinsu, su ɗauki ma'aikata, su biya albashi.

An yi wa Robinson fim a 1950, wanda shi da kansa ya fito a ciki, an sake yi masa a 2013. Ina jiran ranar da masu kuɗin Hollywood za su kashe irin wannan dukiya a kan Foster da taron da ya kira a 1920, ko a kan Effa Manley, wadda a 2006 ta zama mace ta farko da aka shigar zauren gwarazan besbol, shekara ashirin da biyar bayan mutuwarta.